Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jan Ruwa

Makon jiya na tsaya inda likita ya gama karanta sakamakon ɗan naman da aka tsakura a mamana na hagu, ya tabbatar mana sankara ce. Ya ce kafin a yi zancen tiyata sai an fara da kimo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, don ƙullutun ya ragu. Aka rubuta mini gwajin jini da na zuciya, saboda ɗaya daga cikin magungunan, doxorubicin, yakan taɓa zuciya, sai an tabbatar tana da ƙarfin ɗauka. Duka suka fito lafiya. Saura kuɗi.

Da Baban yara ya kawo lissafin magungunan zagaye na farko daga kemis, ya ajiye takardar a kan tebur bai ce uffan ba. Malamin makaranta ne, ni kuma tela. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba, kowane kwana 21 sai an koma.

Ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a majami'armu ta ECWA shekara da shekaru. Ni ke riƙe littafi, ni ke ƙulla kuɗi a ambulan in kai gidan mai jego ko gidan makoki. Na san yadda ake bayarwa, amma karɓa ban taɓa koyo ba. Sai na roƙi Mama Fasto kada a yi sanarwa, a bar abin tsakaninmu. Ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk gidajen da kika shiga da ambulan, kina so ki hana su shiga naki?" Ban sami amsa ba.

Ranar Lahadi bayan sujada mata suka tsaya, aka shimfiɗa zane a gaban bagadi. Ban zauna ba, na koma gida. Da yamma mataimakiyata ta kawo kuɗin da jerin sunaye. A cikin jerin akwai wata gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin titi, wadda da hannuna na sha rubuta sunanta cikin masu karɓar taimakon Kirsimeti. Nata kuɗin duk canji ne, sun sha mai. A kansu na yi kukan da ban yi a gaban likita ba.

Dattawan ikkilisiya suka zo suka shafa mini mai, suka yi addu'a kamar yadda Yaƙub 5:14 ya umarta. Bayan sun tafi, wani ɗan'uwa daga wata majami'a ya tsaya. Ya ce kimo ne ke kashe mutane, ba sankara ba, in ina da bangaskiya in bar asibiti in shiga azumi, zai kai ni wurin wani bawan Allah. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma zan faɗi ra'ayina a fili, ko da zai ɓata wa wasu rai: wannan magana ta binne mata da yawa. Duk wata nas a sashen masu sankara za ta gaya miki yawancin matanmu sai ciwo ya ci jiki suke zuwa, bayan an gama yawo tsakanin gidan addu'a da mai magani, sannan in rai ya yi halinsa a ce allura ce. Da na kai wa Fasto zancen, ya tuna mini cewa Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, kuma sa'ad da Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, sai da annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Ya ce, "Mama, ki je ki sha maganinki. Addu'a mu za mu riƙe."

Da asuba muka bar Kaduna zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, bayan Zariya. Wani dattijo ne ya ba da motarsa har da mai. A ɗakin muna da yawa, kowa da ƙarfen ƙarin ruwa a gefensa. Nas ta nemi jijiya a hannun dama, ta fara sa maganin hana amai. Sannan ta kawo sirinji cike da wani ruwa ja wur, wato doxorubicin ɗin. Ta zauna kusa da ni tana tura shi a hankali, ta ce, "Mama, in kin ji zafi ko raɗaɗi a wurin, ki faɗa nan take." Ashe in ya kauce jijiya ya shiga tsoka, yana cin naman wurin. Ta kuma gargaɗe ni fitsari zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu, kada in tsorata, ba jini ba ne. Bayansa aka ɗaura na biyu, cyclophosphamide, aka ce in yi ta shan ruwa don kare mafitsara. Ina kallon jan ruwan nan yana shiga, ina maimaita Zabura 23 a zuci, har na rasa inda na tsaya na sake daga farko.

A kujerar da ke kusa da ni wata Hajiya ce daga Funtuwa, carbi a hannu, ta riga ni nisa a maganin. Ita ta koya mini abin da babu a takarda: in ci abinci kaɗan-kaɗan, in riƙa ajiye citta, in guji ƙamshin suya. Ta ɗan zame ɗankwalinta ta nuna mini kanta, tana dariya. "Ki aske tun kafin ya fara zuba, Maman yara. Ya fi sauƙi a zuciya." Da za mu rabu ta ce Allah ya ba mu lafiya, na ce amin.

Kwanakin farko tashin zuciya ne da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ruwa ba daɗi. Mata suka raba aiki ba tare da sun tambaye ni ba: wannan kunun gyaɗa, waccan wanki, wata kai auta makaranta. Matsalar ita ce dubiya. Likita ya ce a mako na biyu ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suke yin ƙasa sosai, mura kaɗai tana iya kwantar da ni, in zazzaɓi ya zo kuwa a garzaya asibiti ko da tsakar dare. Yaya za ka ce wa wanda ya biya kuɗin mota ya zo gaishe ka ya tsaya a waje? Uwar zumunta ta ɗauke mini wannan nauyi. Ta kafa kujera a ƙofar gida, mai tari ko atishawa ta karɓi gaisuwarsa ta sallame shi. Ranar da suka saba taruwa kuwa, a tsakar gida suka tsaya da tulunsu da kacau-kacau suka yi waƙa, ni ina ɗaki ina amsawa ta taga, bokiti a gefena.

Shawarar Hajiya ban bi ta da wuri ba, ina ta cewa gobe. Ana saura 'yan kwanaki in koma Shika, na sa mataji a kai, gashi ya biyo shi. Yadda muka ƙare da Baban yara da reza, da abin da auta ta ce da ta gan ni, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.