Abin da shekaru 25 suka ƙara wa wuski, da abin da suka rage masa

Aikina a wani otal ne a Edinbara, a ɓangaren abinci da abin sha, kuma tambayar da baƙi suka fi yi mini ita ce: wannan kwalbar mai shekara 25 ta cancanci kuɗinta? Na san da yawa cikin masu karatu addini ya hana su giya, kuma ba kiran kowa nake yi ba. Ni dai sana'ata ce, ba na kuma son in sa mutum ya kashe kuɗinsa a kan abin da ban sani ba. Shi ya sa na je yankin Speyside da ke arewa maso gabashin Sikotlan, inda matatun wuski suka fi yawa, na zauna a wani ƙaramin shago a Dufftown na sa aka zuba mini iri uku daga matata guda: mai shekara 12, da 15, da 25.

Dokar wuskin Sikotlan ta 2009 ta fayyace abin da ake kira single malt, wato irin wanda aka zuba mini: sha'ir da aka jiƙa ya tsira, shi kaɗai, a tace shi a tukwanen tagulla a matata ɗaya, ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak cikin Sikotlan, ƙarfin barasarsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Lambar da ke jikin kwalba shekarun mafi ƙanƙanta ne cikin abin da aka haɗa. Da zarar an ɗura a kwalba, girma ya tsaya.

Dattijon da ke shagon ya ba ni kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, ya ce kada in yi gaggawar kai shi baki. In kawo hanci a hankali, bakina a ɗan buɗe, don kada zafin barasar ya toshe mini komai. Mai shekara 12 ƙamshin tuffa da zuma yake, da ɗan yaji a harshe, yana wucewa da sauri. Mai shekara 15 ne ya tsayar da ni. Zabibi, dabino, ɓawon lemo, can ƙasa kuma kanumfari. Na ɗiga masa ruwa ɗigo biyu, ruwan ya yi zare-zare a cikinsa kafin ya gauraya, sai ƙamshin ya buɗe. Bayan na haɗiye, ɗanɗanon ya daɗe a maƙogwaro yana sauyawa.

Mai shekara 25 kuwa ya fi su laushi nesa ba kusa ba, babu ko kaifi. Amma itace ya yi masa yawa. A ƙarshensa akwai bauri irin na shayin da aka manta a kan wuta, 'ya'yan itatuwan nan kuma duk sun dusashe. Wuski ne mai kyau, ba na musu. Kuɗinsa ya ninka na mai shekara 15 sau da yawa, daɗinsa bai ninka ba, a bakina ma bai kai shi ba.

Tsadar tana da dalili. Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska, wato a shekara 25 kusan kashi 40 ya tafi, ga kuɗin ajiya, ga jarin da aka ɗaure. Sauran kuɗin na ƙarancin kaya ne da suna. Kwalbar wuskin Macallan, wanda aka tace a 1926, da aka yi gwanjonta a Sotheby's a Landan cikin Nuwamba 2023 kan fam miliyan 2.1 da ɗoriya, wanda ya saye ta ba ɗanɗano ya biya ba.

Abin da na fi riƙewa shi ne ganga ta fi lamba muhimmanci. Wadda aka taɓa ajiye bourbon, wani wuskin Amurka, a ciki tana ba da zaƙi mai haske, ta sherry, giyar inabi daga Jerez a Sifaniya, tana ba da duhu da busassun 'ya'yan itace. Gangar da aka yi ta amfani da ita har ta gaji, ko shekara 30 aka yi a cikinta ba za ta ba da wani abin kirki ba. Launi ma ba shaida ba ne, domin doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari.

Yanzu idan baƙo ya nuna kwalba mai tsada, ina karanta masa irin gangar, da ƙarfin barasar (na fi amincewa da mai kashi 46 zuwa sama), da ko an rubuta cewa launinsa na asali ne. Sannan in zuba masa ɗan awo na mililita 25 daga cikinta, da wani daga ƙanwarta mai shekara 15, ba tare da na faɗa masa wanne ne wanne ba, shi ya zaɓa.