Abin da Hollywood ta ara daga katun ɗin Japan

A shagunan tura fina-finai na Gusau, fim ɗin kimiyya na Amurka shi ake ɗauka na manya, katun ɗin Japan kuwa, wato anime, sai a jefa shi cikin kayan yara. Wannan rabon bai yi adalci ba, don wani ɓangare na abin da ke sa 'yan kallo ihu a na farkon daga na biyun aka ɗebo shi.

The Matrix na 1999 ba a gardama a kansa. Daraktocinsa, 'yan gidan Wachowski, sun kunna wa furodusa Joel Silver Ghost in the Shell, katun ɗin Mamoru Oshii na 1995, suka ce irin wannan suke so su yi da mutane na gaske. Koren rubutun da ke cika allo da ramin da ake soka waya a ƙeyar mutum duk can suka samo asali.

Amma babban aron shi ne yadda ake wasa da lokaci. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen talabijin na Japan, tun daga Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963, ba su da kuɗin zana 24 ɗin, sai su zana 12 ko 8, wani lokaci ma su tsayar da zane ɗaya cak suna jan kyamara a kansa. Talauci ne ya haifi salon: jarumi ya daskare a sama, idon mai kallo yana yawo a jikinsa. Mai zane wannan ba ya cin masa komai. Mai ɗaukar ɗan Adam kuwa sai ya yi gumi. Don a nuna Keanu Reeves yana kauce wa harsashi a The Matrix, John Gaeta, mai kula da dabarun hoto na fim ɗin, da mutanensa sun jera kyamarorin hoto kusan 120 kewaye da shi, kowace tana ɗauka dab da bayan ta kusa da ita, sannan aka cike giɓin da kwamfuta.

Zamiyar babur ta Akira, katun ɗin Katsuhiro Otomo na 1988, an maimaita ta ba adadi, har Jordan Peele ya sa ta a Nope na 2022. Batun katun ɗin Paprika na 2006 da fim ɗin Inception na 2010 kuwa a riƙa sassautawa. Sun yi kama wajen kutsawa cikin mafarkin wani, amma Christopher Nolan, daraktan Inception, ya daɗe da labarinsa a hannu kafin Paprika ya fito.

Inda aron ke lalacewa shi ne in an kwafo siffa aka bar dalilinta. A zane, hanci ɗigo ne, baki layi ɗaya, shi ya sa manyan idanu suke zama daidai. Ɗora su a fuskar da ke da fata da gashin gira na gaske, sai ran mai kallo ya ƙi karɓa. Haka ta faru da tallar farko ta Alita: Battle Angel na 2019, sai da aka ƙara girman ƙwayar idon jarumar don farin ya ragu. Ghost in the Shell na 2017, wanda Hollywood ta sake yi da mutane na gaske, ya kwafo fitattun wuraren na 1995 kusan hoto da hoto, amma ya mayar da tambayar ko injin yana da rai ta koma labarin neman asali da ramuwa, bai kuma yi kasuwa ba.

Matasan da ke haɗa gajerun bidiyo da waya a Gusau ko Talata Mafara za su iya gwada wancan salon ba tare da kyamara 120 ba. A sa wayar ta ɗauki hoto 120 a daƙiƙa, in an mayar da shi 24 wajen tacewa, daƙiƙa ɗaya ta zama biyar. Ɗan wasa ya ƙame, mai waya ya zagaya shi rabin da'ira, gwiwa a ɗan lanƙwashe don kada hoton ya yi rawa. A yi a fili da hantsi ko bayan la'asar, don irin wannan ɗauka tana cin haske sosai, a ɗaki kuma hasken ƙwan lantarki ko na janareta yakan fito yana ƙyaftawa. Abu biyu ke tona asiri: ƙiftawar ido, da babbar riga ko gyale da iska ke kaɗawa alhali an ce lokaci ya tsaya. A sa kaya masu kama jiki, a kuma juya fuskar ɗan wasan daga rana.