Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwandon Mujallu da Wa'adin Shekara Shida

Makon jiya mun tsaya a inda na fara koyarwa a fannin tsarin sarrafa bayanai. Kafin mu ci gaba, sai an san mudun da ake auna malami da shi a wannan fanni.

A yawancin jami'o'in bincike na Amurka, sabon malami shekara shida gare shi kafin a yanke masa hukunci: ko a tabbatar da shi a kujerarsa, ko ya nemi wani wurin. Abin da kwamiti ke fara dubawa shi ne inda ya buga maƙalunsa. Manyan malaman AIS, ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, sun ware mujallu shida a 2007, suka mai da su takwas a 2011, a 2023 suka kai 11. Su ake kira kwando. A cikin kwandon ma akwai 'yan mowa: MIS Quarterly, wadda ta fara fita a 1977 daga Jami'ar Minnesota, da Information Systems Research ta 1990. Wasu makarantun kasuwanci waɗannan biyun suka fi ƙirgawa.

Ga yadda maƙala ke tafiya. Babban edita zai duba, yana iya mayar da ita nan take ba tare da ya tura wa kowa ba. In ta tsallake, sai ta je hannun mataimakin edita da masu bita biyu ko uku, wato masanan da ke tantance ta, a yi watanni. Amsar da ake murna da ita ita ce a gyara a sake turowa. Zagaye uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne, shekara biyu zuwa uku ta tafi. Wanda bai tura aikinsa ba kafin shekararsa ta uku, da wuya ya ci moriyarsa a ta shida.

A nan ɓarnar take shiga, kuma tana damuna ƙwarai. Mai tsoron wa'adi ba ya kasada. Sai ya ɗauko ra'in da kowa ya yarda da shi, kamar TAM na Fred Davis na 1989, mai cewa mutum yana karɓar fasaha in ya ga amfaninta da sauƙinta. Ya zana akwatuna da kibiyoyi masu nuna abin da ke jawo wani abu, ya ƙara akwati ɗaya, ya raba takardar tambayoyi, kwamfuta ta fitar da lissafi. Komai tsaf, amma ba a koyi sabon abu ba. Masana irin su Benbasat da Barki sun koka da wannan tun 2007, Grover da Lyytinen suka sake fito da matsalar a 2015.

Ra'i mai inganci yana faɗin dalili, yana kuma faɗin inda zai daina aiki. Ɗauki ƙarancin takardun naira na farkon 2023. 'Yan kasuwar da ba su taɓa yarda da tiransifa ba sun koma mata dole, masu POS na sayar da tsabar kuɗi da tsada. Amfani da sauƙi ba su isa su bayyana wannan ba. Tambayar da ta dace ita ce: wa ya ci gaba da karɓar tiransifa bayan kuɗi sun dawo, wa ya daina, kuma me ya bambanta su? Amsarta tana bukatar zama a rumfa ana kallon yadda mai shago ke riƙe kaya har sai alat ya shigo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake amsa wa masu bita.