Ranar da na riƙe lauje a Longji

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Guilin, yankin Guangxi, kudancin ƙasar Sin, amma ban taɓa kwana a ƙauye ba sai hutun nan na farkon Oktoba. Ranar 1 ga wata ce ranar da aka kafa jamhuriyarsu a 1949, kuma hutun mako guda cur suke yi. Mu ma ranar ce tamu ta 'yancin kai, sai dai mu kwana ɗaya ake ba mu. Duk wanda ya daɗe a nan zai ce maka kada ka kuskura ka yi tafiya a wannan makon, domin tasha da jirgi da masauki duk cike suke maƙil. Niyyata in rufe ƙofa in rama barci. Sai malamin lissafin da muke ofis ɗaya ya ce zai je taya kakansa yankan shinkafa a tsaunukan Longji, ko zan raka shi?

Da na ji an ce shinkafa, barcin ya gudu. Ni ɗan Kura ne. A fangalin shinkafa na yi wayo, da ruwan Tiga aka yi mini kuɗin makaranta.

Mun yi sama da awa biyu a mota, hanya sai lanƙwasa take kamar maciji, har wata mata a gabana ta nemi leda. Inda kwalta ta ƙare kuma nan aikin ya fara, matattakalar dutse ce sai ka hau da ƙafa. Wata tsohuwa mai kwando a baya ta nuna jakata, wai in kawo ta ɗaukar mini a biya ta. Kunya ta hana ni, don ta yi sa'ar innata. Ba a yi minti goma ba ta wuce ni da jakunkuna biyu na wasu baƙi, ni kuwa ina tsaye ina haki, ina yi kamar hoto nake ɗauka.

Ma'anar Longji ita ce ƙashin bayan dodon nan nasu mai kama da maciji, kuma in ka tsaya a sama ka ga dalili. An sassaƙe tsauni tun daga gindi har kusan ƙololuwa, fangali bisa fangali, kowanne ya bi lanƙwasar dutsen. Wani faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, amma tsawonsa sai ya zagaye tsaunin ya ɓace maka. Tun zamanin daular Yuan aka fara wannan aiki, sama da shekara 600, kuma ƙabilun Zhuang da Yao ne suka yi shi da hannu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan. Ba injin ban-ruwa, ba fetur. Sun bar daji a saman tsaunin ba sa sarewa, daga nan ruwa yake tsattsafowa, ya bi 'yan magudanai da bututun gora, ya cika fangalin sama, ya zubo na ƙasa, haka har gindi. Na tuna rigimar da ake yi a wajenmu in na sama ya tare ruwa da dare.

Gidan kakan na katako ne, hawa uku. Ƙasa na dabbobi da kayan noma, tsakiya na mutane, sama ajiya. Ina shiga na ɗaga kai, sai ga naman alade an rataye a saman murhu yana shan hayaƙi. Gabana ya faɗi. A Guilin na san inda nake dosa, akwai masallaci, akwai shagunan taliyar Lanzhou masu alamar *qingzhen*, wato halal. Nan kuwa fa? Ashe abokina ya riga ya buga waya ya yi bayani. Kakar ta fito da sabon kasko, ta nuna mini takardar da ke manne a jikinsa don in tabbata, sannan ta miƙo mini kaza da ranta da wuƙa. Na fita bayan gida na yanka, yara sun kewaye ni. A nan alƙibla yamma take, abin da har yau in na tayar da salla sai na ji kamar na yi kuskure, mutumin da ya tashi yana jin ana cewa a fuskanci gabas.

Giyar shinkafa ce ta fi wuya. Mai gida ya zuba da hannunsa, kuma ƙin karɓa a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Abokina ya cece ni da wata magana tasu, *yi cha dai jiu*, a sa shayi a madadin giya. Tsohon ya yi dariya ya ce to. Shayin da aka kawo kuwa ba irin na mai shayin bakin tasha ba ne. Ana soya ganyen da mai da citta da tafarnuwa, a daddaka, a zuba ruwa, a tace a kan gyaɗa da soyayyar shinkafa. Romo ne kawai. Kofin farko ɗaci, na biyu na fara gane shi, na uku ni na miƙa kofi. Aka kuma kawo shinkafa mai danƙo da aka cusa cikin gora aka gasa a wuta.

Da safe muka fita gona. A nan na lura da abin da ban lura da shi jiya ba: tsofaffi ne da ƙananan yara, sai 'yan tsiraru da suka zo hutu. Majiya ƙarfin suna masana'antun lardin Guangdong, a birane irin su Shenzhen da Gwanzu inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari. Cin rani ne, sai dai nasu ba ya ƙarewa da faɗuwar damina, da yawa sai bikin sabuwar shekara ake ganinsu. Ga kuma tsarin *hukou*, rajistar da ke ɗaure mutum da garinsu, wadda kan sa karatun yaro a birnin da ba nasa ba ya yi wuya, sai a bar shi wajen kaka.

Tsohon ya nuna mini wata inuwa, wai in zauna in yi kallo. Ban ji haushi ba, na saba. A gari ni *waijiao* ne, malami baƙo, wanda ake ɗauka hoto a sa a allon talla, wanda wasu iyaye suka zo suka leƙa aji don su ji ko baƙin mutum ya iya Turanci da gaske. Na cire takalmi, na naɗe wando, na ɗauki laujen da ke gefe. Nasu ya fi namu ƙanƙanta, bakinsa da 'yan haƙora. Kamu biyu uku hannuna ya tuna abin da ya sani. Na kai ƙarshen fangalin na juyo, na ga tsohon ya daina yanka yana kallona.

Ya yi magana da yaren Zhuang, jikan ya mayar mini. Wai wa ya koya mini? Na ce, "Baba, mahaifina manomi ne." Daga nan hira ta canza. Bai tambaye ni ko akwai zaki a garinmu ba, bai taɓa fatar hannuna ba kamar yadda aka taɓa yi mini a cikin bas. Tambayarsa ita ce sau nawa muke girbi a shekara, dashe muke ko yafi, tsuntsaye na damunmu? Na ba shi labarin jan-baki, yadda ake tura yara da gwangwani su wuni suna kora. Ya ce su sau ɗaya suke noma a shekara saboda sanyin tsauni. Da aka zo bugu sai aka jawo wani ƙaton akwatin katako, ana kama dami ana fyaɗawa a bangonsa, ƙwaya na zuba ciki. Na ce mu a kan durom muke fyaɗawa, a shimfiɗa tamfol. Ya jinjina kai, ya ce akwati ya fi, ba ya zubar da ƙwaya. Na ce a tudu ne kawai ya fi. Muka ɗan ja, jikan yana tsakiya yana gumin fassara.

Can da rana muna zaune a kan kunya, sai ya nuna jikansa da haɓa. Wannan, in ji shi, lissafi ya sani, bai san ranar da ake sakin ruwa ba. Sannan ya juyo gare ni: "Kai kana nan, wa ke taya babanka?" Na ce ƙannena. Gaskiya ce rabi da rabi, ɗaya yana Kano yana tuƙa adaidaita, ɗaya ne kawai a gida.

Da za mu sauko, kakar ta ɗaure mini busasshen barkono da mudu guda na sabuwar shinkafa a leda. Na ciro kuɗi, ta buge mini hannu.

Sai da na isa ɗakina na kira gida. Tsakaninmu awa bakwai ne, ni dare ya yi, su ana shirin la'asar. Na ba Baba labari tun daga matattakala har akwatin bugu, na ce masa tafin hannuna duk ya yi kanta ya fashe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ka tafi har birnin Sin ka yi wa wani ƙwadago kyauta. To, tamu ma saura mako uku."