Kiwon alfaka: ɗa ɗaya a shekara

Ƙaramar gona gare ni a kudancin Ingila, inda nake kiwon alfaka, ina sayar da 'ya'yansu da gashinsu. Asalin dabbar daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka take, kuma har gobe ƙasar Peru da ke can ce ta fi kowa yawanta. Dangin raƙumi ce, sai dai ba tozo. Wanda ya taɓa ganin an durƙusar da taguwa don barbara ba zai yi baƙunta a nan ba.

Macen alfaka ba ta da lokacin neman namiji irin na akuya. Barbarar ce kanta ke sa ta saki ƙwai, kamar kwana guda bayan an gama. Ba na haɗa mace da namiji sai ta haura shekara, nauyinta ya wuce kilo 40. Idan ta yarda sai ta durƙusa, shi kuwa ya hau yana wani gurnani a maƙogwaro, abin ya ɗauki minti 20 ko kusa da haka.

Bayan mako biyu nakan sake kawo mata shi. In ta ɗauki ciki, sai ta kwantar da kunnuwa, ta watsa masa koren yawu mai wari a fuska, ta yi gaba. Ni ma na sha samun rabona a riga.

Amma yawun nan ya taɓa yaudarata. Wata farar mace da nake ji da ita ta tofa, na saki jiki, na ƙi kiran likitan dabbobi don gudun kashe kuɗi. Ashe cikin ya zube tun yana ƙarami, abin da ke yawan faruwa gare su. Cikin alfaka wata 11 da rabi ne, ɗa ɗaya tak, tagwaye kuwa sai an tona. Haka na yi ta ciyar da ita ina lissafin riba, shekara ta tafi a banza. Yanzu kowacce sai an yi mata hoton ciki wajen kwana 60.

Haihuwa galibi da hantsi ce. Uwar ba ta lasar ɗanta, sai dai ta sunsuna shi, saboda haka ranar da ake ruwa nakan tsaya da tawul a hannu. Ɗan kan zo da kilo 7 zuwa 8, kuma ba na barin wurin sai na ga ya miƙe ya sha dakashi. Bayan mako uku, uwar ta koma wurin namiji.