Abin da koyar da fizik ya koya min a Garwa, arewacin Kamaru

Babban abin da na gane a aikin nan shi ne yaro ba ya shigowa aji da kai wayam. Tun kafin ya ga allo yana da nashi fizik ɗin a kai, wato nashi bayanin yadda zafi da haske da motsi ke aiki, ya haɗa shi ne daga gida da kasuwa da bakin rijiya, kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ya yarda bargo ne ke haifar da zafi, ya yarda ƙarfe ya fi katako sanyi, ya yarda dutse babba zai riga ƙarami isa ƙasa. In ka zo ka rubuta masa doka a allo da Faransanci zai kwafa tsaf, zai haddace, ya zuba maka ranar jarabawa, amma wancan tsohon tunanin yana nan zaune daram ba abin da ya taɓa shi, da ka juya tambayar kaɗan sai ka ga ya fito.

Shi ya sa ba na fara darasi da bayani, tambaya nake fara yi, kuma sai kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin mu gwada, don in bai rubuta ba daga baya zai ce ai dama haka ya zata. Misali batun ƙanƙara. Na sayo dunƙule biyu wajen masu sanyi, ɗaya muka naɗe da bargo ɗaya muka bar shi a fili kan tebur, na ce wanne zai riga narkewa? Kusan duk ajin suka ce na bargo mana Malam, ai bargo zafi gare shi. Muka ci gaba da darasi, kafin a tashi na filin ya zama ruwa na bargon kuwa da sauransa sosai. Abin da ya fi min daɗi wani yaro ne daga baya can da ya ɗaga hannu ya ce ai babansa ma cikin buhu da garin katako yake binne ƙanƙarar da yake sayarwa, kullum yana gani amma bai taɓa haɗa abin da bargo ba. To daga nan ne fa kalmar da ke cikin littafi ta samu wurin zama, bargo ba ya yin zafi, hanya kawai yake tare wa zafi, ko daga jikinka zuwa waje da hunturu ko daga waje zuwa ƙanƙara a watan Afrilu.

Na ƙarfe da katako ma haka, da sassafe a taɓa ƙofar ƙarfe a taɓa benci, kowa zai rantse ƙofar ta fi sanyi, a ɗora ma'aunin zafi a ga lamba ɗaya ce. Ƙarfen dai ya fi saurin janye zafin tafin hannunka ne.

Amma wanda na fi daɗewa a kai duk shekara shi ne randa, don ita kam babu gidan da babu, ko Bahaushe ko Bafulatani ko Tupuri ko Mundang kowa ya sha ruwanta. Garwa kun san ta, Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, amma ka ɗebi ruwan randa da moɗa ka ji shi da sanyi alhali ba wuta ba firji. Me ya sa? Amsar da na fi ji ita ce ƙasa ce mai sanyi. Sai in ce to a taɓa jikin randar, za a ji da danshi, wato ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓun yana bin iska, kuma ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi, zafin kuwa daga ruwan ciki yake ɗiba. A nan nake tsayawa mu yi lissafi, don misali in bai kai ga lamba ba hira ce kawai aka yi. Giram 1 na ruwa yana buƙatar wajen jul 2400 (jul shi ne ma'aunin makamashi) kafin ya bushe ya bi iska, sannan rage zafin giram 1 da digiri 1 jul 4.2 ne kacal. In randa na ɗauke da lita 20 kana so ta sauka da digiri 5, jul 420,000 kenan za a cire, ka raba da 2400 ka samu giram 175, ko cikin kofin shayi babba bai kai ba. Wallahi duk sanda aka kai wannan lambar sai ka ji ajin ya yi tsit sannan a fara surutu, don ba su zaci ɗan ruwan nan zai yi wannan aikin ba. Nakan ƙara musu da cewa a zahiri abin da ke bushewa ya fi haka tunda zafin waje na ta shigowa ba ya fasawa, wannan ma darasi ne, lissafin takarda yana sauƙaƙa duniya ne kuma ya kamata ɗalibi ya san inda aka sauƙaƙa.

Daga nan tambayoyi ke zuwa da kansu. Me ya sa randa ta fi sanyi da rani fiye da watan Agusta? Saboda da damina iska ta riga ta ƙoshi da danshi ba ta karɓar ƙari da sauri. Me ya sa in an shafa mata fenti ko siminti ta daina aiki? Me ya sa direbobin manyan motoci ke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu? Zufa fa? Duk abu ɗaya ne. Nakan ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin makaranta ne daga Jigawa a Najeriya, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don tumatir da ganye su ƙara kwanaki ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Ina so su ji cewa ɗan'uwansu ne mai jin yarensu, kuma da abin da ke tsakar gidansu ya yi.

Wani abu da na lura, in misalin ya fito daga madafa ko wajen ɗiban ruwa 'yan mata ne ke riga kowa magana, waɗanda in ana batun mota da injin ba ka jin bakinsu. Wata ce ta faɗa mana cewa in ana daka daga nesa kana ganin taɓarya ta sauka kafin ka ji dum ɗin, ni kuma na kama wannan muka fita fili, ɗaya ya tsaya can ƙarshen filin ƙwallo yana buga ƙarfe. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa kilomita 300,000, to ga dalilin da walƙiya ke riga tsawa, ka ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu ka san kilomita 1 ke nan tsakaninka da inda ta faɗi.

Wutar lantarki kuma dam ɗin Lagdo nake kawowa, wanda ke kan kogin Binuwai kudu da mu, an gama shi a 1982 kuma ƙarfinsa megawat 72 ne in komai ya cika. Yara sun san in ruwan dam ya ja baya wuta na ƙaranci, abin da ba su sani ba shi ne yadda ruwa ke komawa haske. Sai mu ce a ɗauka lita 1 ta faɗo daga tsayin mita 20, nauyi kilo 1 sau 9.8 (lambar ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi) sau 20, wajen jul 196, wato ƙwan fitila mai wat 10 zai ci na kusan daƙiƙa 20 ne kawai. Daga nan su da kansu suke hango yawan ruwan da ake buƙata a kunna gari guda. Sai dai ina taka-tsantsan da kwatanta lantarki da ruwa a cikin tiyo, yana taimakawa da farko amma in ka bar shi haka yaro zai zaci in an yanke waya wuta za ta tsiyaye ƙasa, dole ka faɗa masa inda kwatancen ya tsaya.

Ga 'yan'uwa malamai da ke cewa ba lokaci, gaskiya ne ban musa ba. Aji cike maƙil, ga manhaja da dole a gama, ga manyan jarabawowin sakandare, BEPC da probatuwar da bak, suna jira kuma duk da Faransanci za a rubuta, ɗakin gwaji kuwa makarantu da yawa sai dai suna. Ni abin da nake yi ba kowane darasi nake gwaji ba, nakan zaɓi inda na san tunanin gida ya fi kafewa in kashe minti goma sha biyar a kai, a yi gardama da Hausa ko Fulatanci in ta kama, sannan a dawo allo a rubuta da Faransanci yadda mai gyaran jarabawa zai so gani, da raka'o'in awo daidai. Kayan aikin ma ba tsada, ma'aunin zafi ɗaya, igiya, agogon da ke cikin waya, sai ƙanƙarar sefa ɗari.

Inda har yanzu nake fama shi ne darussan manyan azuzuwa irin su ƙwayar zarra da hasken da ido ba ya gani, nan kam tsakar gida ba ta da abin nunawa sosai. Ɗan abin da na samu shi ne rimot ɗin talabijin, in ka danna shi a gaban kyamarar waya da yawa za ka ga ɗan haske na ƙiftawa wanda idonka bai gani ba, da shi nake buɗe babin. Wanda ke da wata dabara ta ƙwayar zarra da ta yi masa aiki a aji don Allah ya taimaka min da ita kafin zangon karatu mai zuwa.