Tignes ko Val d'Isère? Yadda Muka Zaɓi Masauki a Farkon Disamba

Wanda ya kalli taswira zai ce babu abin gardama tsakanin Tignes da Val d'Isère. Wuraren wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara, maƙwabtan juna a can ƙuryar kwarin Tarentaise, cikin tsaunukan Alps na Faransa, dab da iyakar Italiya. Akwai tikiti guda da ke shigar da mutum duka biyun, kuma in aka haɗa hanyoyin zamiyarsu sun kai kimanin kilomita 300. Sai dai wannan lissafin na tsakiyar hunturu ne, lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe ko'ina. Mu kuwa hutunmu a farkon Disamba ya faɗo, kafin makarantu su tashi hutun Kirsimeti farashin ɗakuna ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan lokaci ba duka hanyoyin ake buɗewa ba, kuma waɗanda aka buɗe galibi suna can sama.

Daga birnin Liyon muka tashi: ni da nake ɗan taɓawa, da maiɗakina wadda ba ta taɓa ɗaura sandunan zamiya a ƙafa ba, sai ƙaninta da ke karatu a Grenoble, wanda ya riga ya zama gwani har yana raina mu. Shi tun farko Val d'Isère ya kafe a kai. "Yaya, can ne garin Killy fa," in ji shi. Yana nufin Jean-Claude Killy, wanda ya tashi a garin, ya kuma lashe zinariya uku a gasar Olamfik ta Grenoble a 1968. Yana kuma mafarkin gangaren Face de Bellevarde, inda maza suka yi tseren gangara a Olamfik ta 1992. Kuma gaskiyarsa, gari ne mai kyan gani: gidajen dutse da katako, da tsohuwar majami'a a tsakiya, da shaguna masu haske da dare.

Ni abin da na fara dubawa shi ne tsayin inda zan ajiye kaina in kwana. Val d'Isère tana kan mita 1,850. Tignes kuwa ba gari ɗaya ba ne, unguwanni ne a warwatse. Le Lac da Val Claret suna wajen mita 2,100, amma Les Brévières tana ƙasa, a 1,550. Mutum zai iya kama ɗaki mai araha da sunan Tignes, ya je ya tarar yana ƙasa da Val d'Isère ɗin ma. Tazarar mita 250 da ke tsakanin Val d'Isère da Le Lac kamar ba komai ba ce, amma a farkon hunturu ita ke raba wanda zai buɗe ƙofa ya taka dusar ƙanƙara da wanda zai saɓa sanduna a kafaɗa yana neman bas. Injinan da ke feso dusar ƙanƙara ma ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, don haka in mako ya zo da ɗumi, su ma zuba ido suke yi.

Sannan akwai Grande Motte, tsaunin da ke saman Val Claret, mai daskararriyar ƙanƙarar da ke kwana ta wuni duk shekara. Wani jirgi ne ke bi ta cikin ramin dutse ya fito da kai sama da mita 3,000, daga nan motar igiya, wadda ke tafiya a rataye a sama, ta ƙarasa da kai 3,456. Ko sama ta yi rowa, a can ba a rasa abin zamewa. Val d'Isère ma tana da tata, Pisaillas, amma tana can gefe ta wajen Le Fornet, da ɗan nisa daga tsakiyar gari.

Abin da ya yanke hukunci dai ba tsayi ba ne, maiɗakina ce. Val d'Isère tana zaune a gindin tsaunuka masu miƙewa tsaye, wuraren da suka fi sauƙi kuwa suna sama, a kan Solaise da bayan Bellevarde. Wahalar tana wajen komowa gida. A Faransa launi huɗu ake sa wa hanyoyi, kore da shuɗi da ja da baƙi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, amma shuɗin Val d'Isère ba irin shuɗin ko'ina ba ne. Na bi wata mai suna Santons da yamma: matsattsiya ce kamar kwararon tsohon gari, ƙafafu sun goge ta ta koma santsi zalla, ga mutane a zube nan da can. Sabon shiga dole ya haƙura ya sauko a motar igiya. A Tignes le Lac kuwa filin koyo yana cikin gari, a shimfiɗe. Daga tagar ɗakinmu ina hango ta a layin ɗalibai, bayan malaminsu mai jar riga, ta haɗe bakin sandunan ta ware bayansu, tana tafiya a hankali tana leƙen ƙafafunta. Da ta gaji, 'yan taku kaɗan ne ta shigo ta ɗora shayi.

Kada a ce na yabi Tignes da yawa. Ba ta da kyau, dogayen benaye ne na siminti a fili fetal, babu itace ko ɗaya. Akwai dalili. Asalin ƙauyen yana ƙarƙashin ruwa tun 1952, lokacin da aka gama madatsar Chevril don samar da wutar lantarki, aka tashi mutanen ba da son ransu ba. Za ka bi ta kan madatsar in kana hawa daga Bourg-Saint-Maurice, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Rashin itatuwan nan ba maganar ado kaɗai ba ce. Ranar da hazo ya sauko, sama fara ƙasa fara, ba ka gane tudu balle kwari, har jiri ya ɗebe ni ina tsaye wuri ɗaya. Iska kuma ta sa aka tsayar da motar igiyar Grande Motte. A irin wannan rana sai a nemi inda itatuwa suke, wajen La Daille a ɓangaren Val d'Isère, don su ne ke nuna wa ido gefen hanya. Daren farko ma barci bai yi daɗi ba, ga ciwon kai, ga bushewar maƙogwaro saboda tsayin wurin. Yawan shan ruwa ya taimaka.

Abinci kuwa, gara mutum ya kama ɗaki mai madafa. A cikin abincin yankin, tartiflette da kowa ke yabo akwai naman alade a ciki, fondue kuma da farar giya ake narka cukunta. Mun yo sayayyarmu tun daga Liyon, har da naman halal da yajinmu, abin da ya rage mana kashe kuɗi sosai, domin shagunan kan dutse ba su san sauƙi ba. Wanda zai zo da mota ya tuna cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a wannan yanki.

Yini gajere ne ƙwarai. Azahar da la'asar a matse suke, kafin biyar rana ta faɗi, kuma kujerun igiya masu hawa da mutane kan dutse sukan tsaya tun kafin nan. Wanda ya tsallaka daga Tignes zuwa Val d'Isère ta kan tsaunin Tovière ya riƙa duba agogo, don in kujerar Tommeuses ta rufe yana wancan gefe, sai dai tasi ta zagayo da shi ta madatsa, da kuɗi mai zafi.

Ƙanin maiɗakina dai bai samu Face ɗinsa ba. Mun tarar an killace ta da raga, ana shirin gasar Critérium de la Première Neige da ake yi duk Disamba, ma'aikata suna ta ba ta ruwa don ta daskare ta yi tauri yadda 'yan tsere ke so. Ya tsaya bakin ragar yana cizon yatsa, ya ce zai dawo a Janairu shi da abokansa, kuma a Val za su sauka. Yayarsa ta ce Allah ya kiyaye hanya, ita dai ta riga ta yi wa malaminta alkawarin komawa Le Lac.